Neman lasisin bindiga a Ingila, da yadda ya sha bamban da Amurka, Jafan da sauran ƙasashe

Duk mai neman lasisin bindiga a Ingila ya fara cire batun kare kai daga ransa. Idan ka rubuta a fom cewa tsoron ɓarayi ne ya sa kake so, ka kashe maganarka da hannunka, domin 'yan sandan Ingila, Weles da Sikotilan ba sa karɓar wannan a matsayin dalili. Abin da suke saurara shi ne farauta, ko kashe dabbobin da ke ɓarna a gona, ko harbin wasa a fili mai izini. Ayalan ta Arewa ce kaɗai take da nata tsarin, inda ake ba wasu ƙalilan ƙaramar bindiga don kare kai saboda tarihin rikicin yankin. Ni don harbin faifan yumɓu na nema, wato wanda inji ke cillawa sama a harbe shi kafin ya sauko. Kafin nan na taɓa sayen bindiga a wata jihar Amurka lokacin ina da takardar zama na dindindin, shi ya sa nake iya auna hanyoyin biyu.

Dokar 1968 ce har yanzu ginshiƙi, kuma ta raba lasisi gida biyu. Akwai na bindiga mai watsa ƙwayoyin darma, irin mai baki biyu da ake harbin tsuntsaye da ita. Sharaɗinta shi ne cikin bututun ya zama sumul ba tsaga, tsawonsa kada ya gaza inci 24, kuma idan tana da gidan harsashi kada ya ɗauki fiye da biyu, ban da ɗaya da ke cikin bututu. Da zarar ta wuce haka ta koma rukuni na biyu, na raifil, wanda ya fi tsauri nesa ba kusa ba. A lasisin raifil kowace bindiga sai an rubuta girman bakinta tun kafin ka saya, a ƙayyade maka yawan harsashin da za ka iya ajiyewa, ka kuma nuna filin da za ka yi harbi ko ƙungiyar da kake ciki. A na farkon kuwa lasisi ɗaya ya isa ka sayi bindiga fiye da ɗaya, muddin wurin ajiyarka zai ɗauka. Fistol ba ta cikin lissafi. An haramta ta ga farar hula a 1997, bayan wani ya shiga makarantar firamare a Dunblane a watan Maris na 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 5 ne a gidan yari.

Fom ɗin mai lamba 201 ne, yawancin rundunonin 'yan sanda kuma ta intanet suke karɓa yanzu. A watan Fabrairu na 2025 kuɗin sabon lasisin bindigar darma ya koma fam 194, na raifil 198. Kafin nan 79.50 da 88 ne. Lasisin shekara 5 yake yi. Amma kada ka fara da fom. Fara da likita, don nan ne jinkirin yake.

Tun ranar 1 ga Nuwamba 2021, bayan harbin da aka yi a Plymouth a watan Agustan shekarar wanda ya ci rai 5, ba a duba takardar kowa sai da rahoton likita. Likitan ba ya yanke hukunci, aikinsa ya buɗe fayil ɗinka ya faɗi ko akwai ciwon damuwa, fargaba mai tsanani, taɓin hankali, ciwon mantuwa, farfaɗiya, ciwon karkarwa, ko tarihin shan giya da ƙwaya fiye da kima. Matsalar ita ce wannan aiki ba ya cikin abin da asibitin gwamnati ke yi kyauta. Likitanka zai iya yanka maka kuɗi yadda ya ga dama, zai iya ajiye takardar watanni, kuma zai iya ƙi gaba ɗaya ya ce ransa bai kwanta da harkar bindiga ba. Nawa asibitin ƙi suka yi. Mafita ita ce wani likita mai rajista ya cike, amma dole fayil ɗin ya fita daga asibitinka zuwa hannunsa kai tsaye. Idan ya bi ta hannunka 'yan sanda za su iya dawo da shi, saboda ba su da tabbacin ba ka zare wani shafi ba. Kuma samun ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka ba ya nufin an hana ka. Abin da ke hana mutum shi ne ya ɓoye a fom, likita kuma ya fallasa. Bayan an ba ka lasisi ana sa alama a fayil ɗinka na asibiti, yadda idan ka zo daga baya da wani ciwon da ya shafi hankali, likita zai san akwai bindiga a gidanka ya sanar.

Sai masu tsaya maka. Da mutum ɗaya ake nema a lasisin bindigar darma, tun watan Agusta na 2025 ya koma biyu, daidai da na raifil. Kowannensu ya san ka aƙalla shekara 2, yana zaune a ƙasar, ba danginka ba ne, ba ɗan sanda mai ci ba. Wannan sharaɗi ne ke tsayar da baƙo wanda bai daɗe da zuwa ba, kuma babu hanyar zagaye shi sai haƙuri. Ka sanar da su tun da wuri cewa za a kira su a waya. Lamba ce za su gani wadda ba su sani ba, in ba su ɗauka ba fayil ɗinka ya koma ƙasan tari.

A wajen laifuffuka, a faɗi komai, har wanda ya daɗe, har na tuƙi da ya kai kotu, har gargaɗin 'yan sanda, har wanda aka yi a wata ƙasa. Wanda aka taɓa yanke wa ɗaurin shekara 3 ko fiye, an haramta masa taɓa bindiga har abada. Daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 3, haramcin shekara 5 ne. Ƙarya a fom laifi ce mai zaman kanta. Wanda ya zauna a ƙasar waje ya nemi takardar shaidar rashin laifi daga can tun kafin a tambaye shi, don ita ma tana cin lokaci.

Akwatin ƙarfe shi ne abin da aka fi yin kuskure a kai. Doka ba ta ce lallai sai akwati ba, cewa ta yi a ajiye bindiga yadda wanda ba shi da izini ba zai kai gare ta ba, amma a aikace akwati mai shaidar ma'aunin BS 7558 shi jami'i ke son gani. Kaurin ƙarfensa kada ya gaza milimita 2. A ɗaure shi da manyan kusoshi masu buɗewa cikin bango, a bangon bulo ko kankare, in da hali a haɗa da ƙasa. Gidajen Ingila da yawa bangon cikinsu allo ne a kan katako, wanda ƙarfen ɓanɓare zai tumɓuke cikin minti ɗaya, don haka sai ka nemi bangon waje ko ka kwantar da akwatin ka ɗaure shi a katakon daɓe. Idan katakon gindin bango ya hana akwatin mannewa, a yanke shi ko a ɗaga akwatin sama da shi, saboda duk ratar da ta rage a baya wurin cusa ƙarfe ce. Gareji da rumfar lambu ba a so: ɓarawo yana samun lokaci a can ba mai jinsa, sanyi kuma yana sa tsatsa. A sa shi inda baƙo ba zai gani ba. Mai haya ya samo izinin mai gida a rubuce kafin ya huda bango. Makulli kuwa kai kaɗai za ka san inda yake. Matarka ko ɗanka, in ba su da lasisi, ba su da hurumin sani. An taɓa ƙin sabunta lasisin wani lauya don kawai tsohuwar mahaifiyarsa ta san inda yake ɓoye makullin, kotu kuma ta goyi bayan 'yan sanda.

Daga nan jami'in bincike zai zo gida. Da zuwansa akwatin ya nufa, ya kama shi da hannu biyu ya jijjiga da ƙarfi, ya duba ƙofofi da tagogi. Sannan aka zauna hira. Me za ka harba, a ina, wa ya koya maka, yaya za ka tsallake shinge da bindiga a hannu, me za ka yi idan ka ja kunama harsashi bai tashi ba. Amsar ta ƙarshe ita ce ka bar bakin yana kallon inda ba kowa, ka jira kamar daƙiƙa talatin kafin ka buɗe bindigar, don wani harsashin yana jinkirin kamawa. Zai tambayi yawan giyar da kake sha, da zaman gidanka, kuma yana da damar yin magana da matarka ita kaɗai. An ƙara matsa wannan ɓangare ne saboda rikicin cikin gida. Yana da kyau ka riga ka yi darussa kafin ranar, tunda akwai filayen harbin faifai da aka ba izinin koyar da wanda ba shi da lasisi. Tsawon jira ya danganta da rundunar yankinka: wasu cikin 'yan watanni, wasu fiye da shekara. In aka hana ka, kana da kwana 21 ka ɗaukaka ƙara a kotu.

Samun lasisi ba shi ne ƙarshen aiki ba. Duk bindigar da ka saya, mai sayarwa zai rubuta lambarta a jikin lasisinka, kai da shi kowa ya sanar da 'yan sanda cikin kwana 7. Ba a sayar maka da harsashi sai ka nuna lasisi. A mota bindiga tana tafiya babu harsashi, cikin jakarta, a ɓoye. Idan dole ka bar motar, ka cire katakon gaba da ke riƙe bututu ka tafi da shi, don ba ta harbuwa sai da shi. Sabuntawa kuma a tura aƙalla mako 8 kafin lasisi ya ƙare, wanda ya yi haka doka ta ba shi ƙarin mako 8 idan 'yan sanda suka makara. Wanda ya yi sakaci ranar ta wuce, bindigar da ke akwatinsa ta zama laifi.

A Amurka duk wannan ya zo a takarda ɗaya a kan kanta. Mallakar makami haƙƙi ne a gyara na biyu na tsarin mulki tun 1791, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙin mutum ɗaya ne har don kare kansa a gida, a 2022 kuma ta faɗaɗa shi zuwa ɗauka a waje. Don haka ba wanda ya tambaye ni dalili. Na nuna katin shaida mai adireshin jihar, na cike fom 4473 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindiga, mai shago ya tura sunana cikin tsarin binciken FBI da ake kira NICS, wanda ya fara aiki a 1998. Amsa iri uku ce: a ba shi, a dakata, ko a hana. Yawanci cikin mintuna take fitowa. Idan aka ce a dakata kuma kwanakin aiki 3 suka wuce ba amsa, dokar tarayya ta bar wa mai shago zaɓin ya miƙa. Shekara 18 ake sayen doguwar bindiga, 21 fistol. Ba likita, ba mai tsaya maka, ba wanda zai zo ya jijjiga akwati. Tambayoyin fom ɗin su ne tarkon. Mai shan wiwi haramun ne ya saya ko da jiharsa ta halatta wiwi, domin a dokar tarayya har yanzu laifi ce. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara an hana shi, sai in ya cika wasu keɓantattun sharuɗɗa kamar lasisin farauta. Saya wa wani da sunanka babban laifi ne. Ciniki tsakanin mutum da mutum kuwa, wanda ba sana'arsa ke nan ba, dokar tarayya ba ta tilasta bincike ba, sai jihar da ta sa da kanta. Shi ya sa cewa "dokar bindiga ta Amurka" ba ta da ma'ana sosai: Kalifoniya tana sa jiran kwana 10, Ilinoi tana neman katin mallaka, fiye da rabin jihohi kuma suna barin mutum ya ɗauki fistol a ɓoye ba tare da wani izini ba.

Jafan ta wuce Ingila tsauri. Ƙarƙashin dokar 1958 sai ka zauna aji, ka ci jarrabawar rubutu, ka ci ta harbi, ka kawo takardar likita kan lafiyar hankali, 'yan sanda su bi maƙwabta da dangi da tambayoyi. Bindiga akwatinta daban, harsashi nasa daban, ana duba ta kowace shekara, ana sabunta izini duk shekara 3, raifil kuma a ƙa'ida sai ka shekara 10 riƙe da bindigar darma. Wanda ya kashe tsohon firaminista Shinzo Abe a Nara a 2022, da bindigar da ya ƙera da hannunsa ya yi. Kanada tana tsakiya: kwas na kiyaye haɗari, mutum biyu da suka san ka shekara 3, jiran aƙalla kwana 28 ga sabon mai nema, kuma ana tambayar matarka ko wadda kuka rabu da ita ba da daɗewa ba. Ta dakatar da cinikin fistol a watan Oktoba na 2022. Ostireliya ta sauya tsarinta bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnatin John Howard ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata.

To ina aka fi zaman lafiya? A nan ne mutane ke saurin yanke hukunci da alƙaluman da ba su auna abu ɗaya ba. Abin da FBI ke kira laifin ƙarfi iri huɗu ne kawai: kisa, fyaɗe, fashi da mummunan duka. 'Yan sandan Ingila kuwa suna zuba tsangwama, barazana da turereniyar da ba ta bar rauni ba duk a kwando ɗaya. Wanda ya jera lambobin biyu zai ce Ingila ta fi Amurka haɗari sau da yawa, alhali ma'aunin ne ya bambanta. Kisan kai shi ne abin da ya fi auno daidai, tunda gawa ba ta ɓuya kamar yadda ƙorafin sata ke ɓacewa. A kowane mutum 100,000, Jafan ba ta kai rabin ɗaya ba a shekara, Ingila da Weles suna wajen ɗaya, Amurka ta kai wajen bakwai a 2021 kafin ta fara sauka. A Ingila wuƙa ce kan gaba, kisan bindiga 'yan gomomi ne a shekara. Shi ya sa dokar wuƙa take da zafi: wadda za ka iya ɗauka ba dalili ita ce mai naɗewa, marar makulli, wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba. Ɗan gwangwanin feshin barkono da mata ke sawa a jaka a Amurka, a Ingila yana rukunin haramtattun makamai. Baƙi da yawa ba su san haka ba sai a filin jirgi.

Akwai lambar da ake yawan karantawa a karkace. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, amma fiye da rabinsu kansu suka kashe. Wannan ne ya sa na daina ganin rahoton likita da akwatin ƙarfe na Ingila a matsayin wahalar banza: haɗarin bindigar gida ya fi karkata ga mai ita da iyalinsa fiye da ɓarawon da ake jira.

Yawan bindiga shi kaɗai ba ya bayyana komai, tsaurin doka a takarda ma haka. Ƙididdigar 2017 ta nuna bindiga kusan 120 ga kowane mutum 100 a Amurka, wajen 35 a Kanada, wajen 28 a Siwizalan, ƙasa da 5 a Ingila da Weles, ƙasa da ɗaya a Jafan. Siwizalan, inda sojan ƙasa ke iya ajiye bindigar aikinsa a gida, kisan kai a cikinta bai kai na Ingila ba. Sai dai izinin yawo da bindiga a titi da wuya ake ba kowa, kuma tun 2007 aka daina bar wa soja harsashin gwamnati a gida. Meziko kuwa ta daɗe da shagon bindiga ɗaya tak na halal a duk ƙasar, a hannun soja, amma kisan kai a can ya sha haura 20 a cikin 100,000, galibi da makaman da ake fasa-ƙwaurinsu daga Amurka. Afirka ta Kudu tana da dokar 2000 mai neman takardar ƙwarewa da lasisin kowace bindiga, duk da haka ta yi shekarun da ake kashe fiye da mutum 27,000. Doka tana aiki ne inda akwai jami'in da zai zo gida, da rajistar da ba a sayen ta da cin hanci, da iyakar da ba ta yoyo. Birtaniya da Jafan tsibirai ne, wannan ma ba ƙaramin taimako ba ne.

Wanda ke auna inda zai zauna, lambar ƙasa ba za ta yi masa amfani sosai ba. A cikin Amurka, Misisifi da Luwiziyana suna ninka New Hampshire da Maine sau da yawa a kisan kai, alhali dukkansu dokarsu ta bindiga sassauƙa ce. A cikin birni ɗaya ma harbe-harbe suna taruwa ne a 'yan tituna ƙalilan. Don haka a nemi taswirar laifuffuka ta unguwa, wadda 'yan sandan Ingila da manyan biranen Amurka ke wallafawa a intanet, a duba kisa da fashi daban da satar waya da fasa mota. A kuma duba hatsarin hanya, wanda ba a cika sa shi a wannan muhawara ba: Amurka tana rasa wajen mutum 40,000 a kan titi a shekara, Birtaniya ƙasa da 2,000, kuma ko an raba da yawan jama'a tazarar ta kai ninki huɗu.